Na Saki Wando, Na Riƙe Kwalba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai surukina ganin teku a Ikko. Har yau in na tsaya bakin rafi na ga ruwa yana motsi, sai na ji hannuna ya kai ga mazagin wandona da kansa.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Lokacin ina dillancin hatsi a Funtuwa, in sayi dawa da wake a kasuwannin Bakori da Kafur, in loda a jirgin ƙasa zuwa Kurmi, in dawo da goro. Ban gaji ko tsinke ba, da dako na fara a tasha, kuma wannan shi ne abin da surukina Malam Ɗanjuma ya kasa mantawa. Babban manomi ne a wani ƙauye kusa da Malumfashi, kullum da rawani, magana kuwa sai ka ce da awo ake ba shi ita. Ya ba ni 'yarsa Hajara, amma bai taɓa yarda cewa ni mutumin kirki ba ne. In zai yi zancena sai ya ce "mutumin tasha".

Abin da nake nema a wurinsa fili ne. Ina so in kafa injin niƙa a bakin hanyar ƙauyensu, inda matan ƙauyukan kewaye ke wucewa, kuma duk ƙasar wurin tasa ce. Na aika manya, suka dawo da amsa guda: ba ya ba da ƙasa saboda abin da bai gani da idonsa ba. Injin kuwa yana can wani kanti kusa da bakin jiragen ruwa a Ikko. Sai na ce a gaya wa Baba ni zan kai shi ya gani, ai Ikko kamar tafin hannuna take.

(Gaskiyar magana, abin da na sani a Ikko bai wuce tashar jirgi da zangon 'yan goro da wata mai sayar da tuwo a bayan zangon ba. Akwai wani ruwa kwance lumui da nake hangowa daga kan babbar gada, shi na ɗauka teku ne, kuma shekara da shekaru ina ba mutanen Funtuwa labarinsa.)

Ranar tafiya surukata Inna ta aiko mini da wata koriyar kwalba. An gaya mata ruwan teku maganin ciwon gwiwa ne. "A ce masa kada ya ɗuro min na famfo," in ji ta. "Zan ɗanɗana."

Muka sauka gidan Yohanna, abokina tun muna yara, Kirista ne ɗan Kafur da ke aikin jirgin ƙasa a can. Matarsa Saratu ta yi wa Baba tuwon dawa da miyar kuka, kuma in ban yi ƙarya ba shi ne kaɗai abin da ya yaba a duk Ikko kafin ranar ƙarshe.

Washegari na kai shi ganin inji. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya leƙa bakinsa kamar mai duba haƙoran jaki. Sai ya ce, "To." Shi ke nan. Na jira sauran maganar har muka fito titi, ba ta zo ba. Wanda ya yi ciniki ya san irin wannan "to" ɗin, ba saye ba ne, ba kuma fasawa ba. Jirgin komawa da saura kwana biyu, sai na ƙudura cewa zan zaga da tsohon nan gari har sai ya buɗe baki ya yarda na san duniya.

Na fara da dogon benen nan da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Mutanen sama, ina suke ɗaure awakinsu?" Na kai shi babban filin da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ina ta bayani kamar da ni aka ja igiyar. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar wurin ya murza, ya ce wannan fili da zai yi rogo. Na nuna masa jiragen ruwa, kowane ya fi unguwa girma. Ya ce shi dai bai ga dalilin da ƙarfe zai ƙi nutsewa ba, kuma ba ya son abin da ba shi da dalili.

Gidan tarihi ne ya fi ƙona mini rai. Muna shiga muka tarar da kawunan tagulla da sassaƙen itace jere cikin akwatunan gilashi. Ya tsaya turus. "Tun ina yaro ake hana ni zuwa inda gumaka suke," ya ce, "yau ga shi an kawo ni da jirgin ƙasa." Na ja shi gaba da sauri, ina karanta masa abin da ke rubuce a jikin akwatunan (karatun bokona na yaƙi da jahilci ne, Turanci kuwa ko oho, don haka rabin abin da na faɗa daga kaina ya fito). Can sai ga wata tsohuwar garma a gilashi ita kaɗai, an share mata wuri kamar amarya. Ya daɗe yana kallonta.

"Tawa ta gida ta girme ta," ya ce. "Da na sani da na taho da ita, ko an ba ta ɗaki ta huta."

Na koma gida ranar nan kaina na ciwo. Saura abu guda a hannuna, teku. Da zan fita da shi bayan azahar ta washegari, Yohanna yana wurin aiki, Saratu ta biyo mu har ƙofa ta ce, "In kun je ku ajiye kayanku can nesa, ruwan nan yana tasowa da yamma."

Na yi dariya. "Haba Saratu, a tsakiyar rani? Yanzu ko a Kafur sai an yi tono a rafi ake samun na sha."

Ta buɗe baki za ta ƙara, na riga na yi gaba. Ni da nake ba da labarin teku a Funtuwa, mace za ta koya mini ruwa a gaban surukina?

Tun kafin mu sauka daga bas na fara jin wani ruri kamar hadari, alhali sama tas take. Da muka hau tudun yashi na ga abin, sai na ja da baya don tsoro. Wannan ba ruwan ƙarƙashin gada ba ne. Ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ba ya kwance, tasowa yake ya faɗi, ya sake tasowa. Na saci kallon Baba. Sandarsa ta tsaya a sama, bakinsa a buɗe.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Nan take tsorona ya gudu. Na gyara tsayuwa kamar ni na haƙa shi. Na ce ai wannan kaɗan ne, ya zo da damina ya gani.

Muka gangara. Gefe guda wasu masu fararen riguna suna addu'a suna kaɗa ƙararrawa, gefe guda mata na sayar da kwakwa. Na tuɓe babbar rigata, sabuwa ful da na ɗinka don wannan tafiya, na ninke ta a kan yashi, na ɗora hula, na danne da takalma. Baba ya nuna wani layin ciyayi da tarkace da ya bi gaɓa can sama da inda na ajiye kayan.

"Ruwa ya taɓa zuwa can," ya ce.

"Alamar damina ce, Baba. Ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama."

Sai ya ɗauki buzunsa da takalmansa ya haura bayan layin ya zauna. Ni kuwa na tsaya ina ba shi labarin jiragen da ake hangowa, na daɗe ina zuba, ban lura cewa kowane zuwa ruwan yana ƙara matsowa ba. Da na gama, na naɗe wando har cinya (wando ne irin namu mai faɗi, wanda tela ke cewa ya ci yadi), na ɗauki kwalbar Inna na shiga. Na bakin gaɓa duk yashi ne, na ce bari in ƙara gaba in samo mata mai tsabta.

Na sunkuya ke nan kwalba tana ɓulɓul, sai na ji duhu a kaina. Abin da na sani kawai an ɗaga ni an maka ni da ƙasa, gishiri ya cika mini hanci. Wandon ya ɗuri ruwa ya kumbura kamar buhun auduga, ruwan ya juya zai koma ya ja shi, na ji mazagi ya ce ɗas. Hannuna na hagu yana dafe da yashi don kada a tafi da ni, na dama yana riƙe da kwalba, babban yatsa a bakinta. Ba ni da hannu na uku.

Da na buɗe ido na hango wandona can gaba yana lilo. Na juya wajen rigata, na tarar wurin ya zama ruwa. Ga ta can ita ma ta buɗe hannuwa tana bin sa, hula na biye.

Na zauna daɓas a cikin ruwan daga ni sai singileti, na haɗa gwiwoyi. Ruwa ya zo ya rufa mini asiri, ya koma ya tona, ya sake zuwa ya rufa. Masu kwakwa suka bar kwakwa suka taso, suna ta "Malam, Malam" suna dariya da yarensu. Har masu ƙararrawa sun dakata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da uban matarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in na hango shi a hanya tun daga nesa nake cire takalmi. Yau ga shi na cire har abin da ba a ce in cire ba.

Baba ya taso da sauri, da ya gane halin da ake ciki sai ya juya mini baya. Ya tuna kuma ruwa na iya tafiya da mijin 'yarsa, ya ɗan waiwayo, ya sake juyawa. Can na ji muryarsa, yana magana da iska, don babu kowa a wurin da ke jin Hausa sai mu biyu.

"A gaya wa mutumin can ya fito."

"A gaya wa Baba babu hali," na amsa.

"A tambaye shi me ya hana."

"A ce masa ruwa ya karɓi wando."

Wani ruwan ya zo ya kwantar da ni, na tashi ina tari.

"Rigar fa?"

"Ta bi shi."

"To a ce masa rani ne, ya jira za su dawo da damina."

Ina cikin haɗiye wannan sai na ga ya kai hannu ka ya fara warware rawaninsa. Ya warware shi tas, ya cire har hular da ke ƙasa don iska za ta ɗauke ta, ya soma tahowa da baya da baya, ruwa na dukan ƙafafunsa, ya miƙo mini bakin rawanin ta bayansa. A nan na ga abin da mutanen ƙauyensu ba su taɓa gani ba: sanƙo, tun daga goshi har ƙeya, yana ƙyalli kamar sabuwar ƙwarya.

Haka muka shiga bas. Ni ɗaure da rawani a ƙugu kamar mai fitowa wanka, ba takalmi, rungume da kwalba, shi kuma hularsa ta jiƙe ya cusa ta aljihu, kai a buɗe, yana kallon taga. Saratu ta buɗe ƙofa ta dube mu sama da ƙasa. Ta ce, "Sannunku da rani," ta shige ciki ta ɗauko mini wandon Yohanna, wanda bai kai mini idon sawu ba.

A jirgin komawa muka yi ta tafiya har muka haye kogin Kwara. Ni na riga na binne maganar fili a raina, ina tunanin yadda zan riƙa bin wata hanya in zan je Malumfashi. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya, idonsa na kan daji.

"Kwalbar nan tana hannunka na dama. Da ka sake ta da ka kama wandon."

"Saƙon Inna ne, Baba."

"To," ya ce. Wannan "to" ɗin daban yake da na wurin inji, kunnen ɗan kasuwa ya san bambancin. Bayan an jima ya ƙara da cewa, "Abin da ka gani a kaina, ba ka gani ba."

"Ban gani ba. Wanda Baba ya gani fa?"

"Ni baya na juya."

Sati bai cika ba ya aiko a kira ni. A gaban dattawan ƙauye ya ce mutumin da zai saki wandonsa ya riƙe saƙon mutane, ana iya ba shi ƙasa. Dattawa suka ɗauka karin magana ce, suka yi ta gyaɗa kai. Sai dai ba filin da na roƙa ya ba ni ba, na kusa da rafi inda hanya ta fi jama'a. Na kan tudu ya nuna, can sama. "Nan ya fi maka," ya ce, "tun da ba ka san inda ruwa ke tsayawa ba."

Ni na riƙe sirrinsa har ya koma ga Allah, shi ma ya riƙe nawa. Yohanna ne ya zo gida Kirsimeti ya kwance mini zani a kasuwar Kafur, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake kiran wurin injin nan da sunana, sai Injin Sarkin Ruwa. Inna kuwa ta ɗanɗana ta ce gishirin ya yi, ta shafa har kwalba ta ƙare, gwiwa ba ta daina ciwo ba. Ta ce laifina ne, na bakin gaɓa na ɗebo mata, in na koma in shiga ciki sosai.

Abin da na koya bai da yawa. In ka je garin da ba naka ba, matar gida ta ce maka ruwa yana tasowa, kada ka tsaya yi mata lissafin damina. In kuma ka nace sai ka yi, to ka fara canza mazagi.