Ranar Da Na Kai Fuskata Gyara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai, da ranar da na ɗauki fuskata da hannuna na kai wa mai fentin mota ya gyara.

A Makera muke zaune, zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana. Sana'ata zanen ƙwarya: wuƙa cikin garwashi, ƙwarya a cinya. Daga Makera har Tudun Wada ba amaryar da aka kai ɗaki babu ƙwaryata a jerenta (to, wataƙila akwai, amma ni ban san ta ba). Ban taɓa shiga aji ba, ban kuma taɓa jin an fi ni da komai ba.

Jikata Asabe, wadda na riƙa tun daga yaye, tana ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata. Malaminsu na zane, Malam Yohanna, mutumin wajen Kagoro, ya ce mata idan zanenta na ƙarshe ya yi kyau ranar rabon kyaututtuka, zai rubuta mata takardar da za ta kai ta Zariya karatun zane. Yarinyar nan ba ta da wani buri a duniya sai wannan. Ta ce ni za ta zana. Asabar uku na zauna mata da ɗaurin ɗankwalina na biki, wuyana har ya sage, ba ta bari na leƙa ba. Ni kuwa bakina bai zauna ba. Maman Ladi mai ƙosai na fara gaya wa, kafin azahar matan layinmu duk sun ce da su za a je.

Saura kwana biyu, tana makaranta, na janyo allon daga bayan gado na yaye ƙyallen da ta rufe shi da shi. Sai da na dafa bango. An yanyanka mini fuska gida-gida, kunci layi-layi, goshi kamar an bi shi da wuta, hanci kuwa ban ma san inda ya nufa ba. Nan take na gano mai laifi: wani littafi da Malam Yohanna ya ara mata, na zanen Turawa, mutanen ciki duk a karkace. Kullum tana rungume da shi.

Tuwo ya ƙi shiga. Idan ta faɗi fa? Idan Zariya ta kuɓuce mata saboda littafin wasu? Wannan shi ne tsoron da na gaya wa kaina. Akwai na biyu a ƙarƙashinsa, dariyar Maman Ladi (Allah ya sani, shi ya fi cizo).

Na naɗe allo na nufi bakin titi wurin Ɗanjuma mai fenti, wanda ke zana zaki a bayan manyan motoci da kawuna a allon masu aski. Na ce fuskar kawai zai daidaita, kada ya taɓa gefe. Abin da na manta, Ɗanjuma ba ya fashin silima, kuma mace ɗaya tak ya iya zanawa. Da la'asar na tarar da wata fara sol, gashi har kafaɗa, haƙora cif, da ɗigon ja a tsakiyar goshi, tana sanye da ɗankwalina. Na san ba ni ba ce. Amma gaskiya ɗaya ce, na ɗan daɗe ina kallonta.

Na ƙunshe ta da takardar siminti, na ɗaure tamau, na ce wa Asabe saboda ruwan sama ne, kuma ni zan ɗauka da kaina. Ta yi mini godiya har da durƙusawa. Ranar rabon kyaututtuka muka shiga zauren makaranta, ni a gaba, mata tara a bayana.

Malam Yohanna da kansa ya kwance igiya, ga shugabar makaranta, ga wani baƙo daga Zariya. Kowa ya zuba wa allon ido. Sai muryar Maman Ladi daga baya: "Iya, yaushe kika je Indiya ba mu yi miki rakiya ba?"

Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya gane hannun. Matar da ke allon nan tana jikin shagon aski biyu a kan hanyar makarantar. Shugaba ta ce ɗalibar da ta kawo aikin saye ta fitar da kanta, babu kyauta, babu takarda. Malam Yohanna ya tambayi Asabe a hankali ko tana da abin faɗa. Ni ta kalla kawai, idonta ya ciko.

Na miƙe. Ni da ake taruwa a ji labari a bakina, sai ga shi ina in'ina. Na ce ni ce, yarinya ba ta sani ba, littafin Turawa ne ya ɓata mata hannu na je in ceto ta.

Malam Yohanna ya ɗauko littafin da Asabe ke gwaji a ciki, ya buɗe shafin fuskar nan mai gida-gida, ya ce, "Mama, don Allah matso ki duba da kyau. Me kika gani a kuncin nan?"

Na duba. Na sake dubawa. Layukan kunci, su ne nake ja a bakin ƙwaryar amarya. Na goshi, shi ne wanda nake kira ƙafar kaza, uwata ta koya mini. Har launin ƙuna na wuƙata ta kwaikwaya.

"Iya, littafin ƙarfin hali kawai ya ba ni," in ji Asabe. "Zanen naki ne."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da ɗankwali.

Baƙon Zariya ya daɗe yana juya shafukan nan, sannan suka yi ƙus-ƙus da shugaba, aka ba Asabe mako biyu ta sake. Na zauna mata, wannan karon bakina gum. Takarda ta samu, ta tafi. Ni kuwa na samu suna, don har matan layinmu suka tsufa, Iya 'yar Indiya suke ce mini.

Shekara arba'in ina zana abu a bayan ƙwarya, ranar da aka ɗora mini shi a fuska na kai shi a goge. Tun daga nan, in na ga abin da bai yi mini ba a hannun yaro, sai na duba sau biyu kafin in buɗe baki, kada in je ni ce.