Kifi Tara a Jifa Ɗaya

Ni jikan masunta ne daga Yawuri, kuma kaf unguwarmu ta Kudai a nan Makka babu wanda ban gaya wa ba. Shi ya sa da maƙwabcina Abu Yasir, haifaffen Makka, ya gayyace ni su a tekun Shu'aiba, na tafi da ragar jifata a kafaɗa.

Muna shiga jirgi ya fara yi mini bayanin wata fatsa mai hannuwan waya kamar lema, wadda ake ja a baya. Na ɗaga masa hannu.

"Abu Yasir, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya."

Na juya ina gyaran raga, ko kallon abin da ya zura ban yi ba.

Can ya fara naɗo zare a hankali, yana raɗa, "Shiru, ya shekh, babba na biye!" Na leƙa, sai ga ƙananan kifaye a jere suna sheƙi dab da jirgi. Jinin kakannina ya motsa. Na yi bisimilla na watsa raga, ta buɗe kamar faifai.

Kifi tara na kama a jifa ɗaya. Duk na roba ne, na jikin lemar Abu Yasir. Ƙaton da ke bin su ya kaɗa wutsiya ya yi gaba.

Dariya ta zaunar da Abu Yasir daɓas, ni kuwa na wuni ina warware ƙugiyoyi.

Har yau duk sanda gidansa suka soya kifi, sai ya kawo mini da kansa.

"Sarkin Ruwa, ci a hankali. Wannan yana da ƙaya."