Rasuwar Gizago, Motar Lantarkin Malam Gali na Fammar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka gaji da turi, iyalan Malam Gali na Fammar ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu ta ɗaukar kaya mai aiki da lantarki, wadda mutanen gari suka raɗa wa suna Gizago saboda siffar kanta. Ta cika ne ranar kasuwar Rano da hantsi, a bakin lambu, kwandunan tumatir na maƙwabta jere a gefenta.

Marigayiya ta shigo gidan ne ta hannun Mujahid, babban ɗan Malam Gali da ke aiki a Legas. Shi ya aiko ta, shi kuma ya sa aka sayar da tsohuwar a-kori-kurar uban don kada ya koma mata. Wannan a-kori-kura kuwa shekara da shekaru ita ke kai amfanin gonar Fammar kasuwa, ƙofa ɗaure da roba, ba ta taɓa kwana da kayan mutane ba. Da ita Malam Gali ya yi suna. In ka ba shi kayanka da safe, kana iya tafiya harkarka.

Tun ranar da aka sauke Gizago hankalinsa bai kwanta ba. Ya zagaye ta, ya sake zagayawa. Babu lanƙwasa ko ɗaya a jikinta, sai ka ce kwanon rufi aka yanko aka jingina. Mujahid ya yi masa bayani ta waya cewa masu ƙera ta doka suka kafa, kowane ƙarfe sai ya zauna daidai wa daida, ko kuskuren kaurin gashi ba a yafewa. Malam Gali ya tambaye shi, wai motar gona aka aiko masa ko agogon hannu? Sannan ya zura yatsa tsakanin ƙofar direba da jikin motar, yatsan ya shige har gaɓa. A ɗaya gefen kuwa ko takarda ba ta shiga. Ya haƙura, don ɗansa ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi.

A faɗi alherinta. Ba ta hayaƙi, ba ta tari da safe, ba ta ɗigar da baƙin mai a ƙofar gida. Shiru gare ta, irin shirun da ya sa kajin unguwa da dama ba su ji zuwanta ba, kuma ba za su ƙara jin komai ba. Ba ta shan fetur ko kaɗan. Janareto ne ke sha a madadinta, ya wuni yana ruri kafin ta ƙoshi. Maganarta ɗaya ce a duniya: “Ƙiit, ƙiit, ƙiit.” Haka take cewa in buhu ya yi mata yawa, haka in mutum ya hau baya, haka in akuya ta gifta.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga abin da kowa ke yi tun da aka san mota a ƙasar nan. Kaya suka yi yawa, aka kwantar da murfin baya don ƙara wuri, aka jera kwanduna a kai, aka ɗaure, masu kaya suka hau suka zauna. Malam Gali ya shiga ya taka. Ƙiit, ƙiit, ƙiit. Ashe ita ba ta tafiya da baya a buɗe. Aka sauke, aka rufe, ta ce bai rufu ba. Nauyi ya ɗan karkata murfin, karkatar da ido ba ya gani, amma ita ta gani. Maza suka taru a tura ta ko ta tashi. Wallahi da tura dutse suka yi da ya fi motsi. Aka ɗauko Kawu Isma'ila mai gyaran jikin mota daga Rano, ya zo da gudumarsa wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya buga ta nan, ƙarfen ya kumbura ta can. Ya buga ta can, fitilun gaba suka lumshe. Daga nan ko ƙiit ɗin ba a sake ji ba.

Rana ta take, kasuwa ta watse, tumatir ya fara ruwa a kwando. Malam Gali bai yi kukan mota ba. Abin da ke cinsa kayan mutane ne, don yau ce ranar farko da aka ba shi amana da safe, yamma ta same ta a inda aka bar ta.

Marigayiya ta bar janareto ɗaya, wanda yanzu ya samu hutu, da igiyar caji da ba ta shiga komai a duk ƙaramar hukumarmu ta Kibiya, da Mujahid, wanda har yanzu yake cewa ba a bi ƙa'ida ba ne.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Malam Hussaini, limamin unguwa, ya ce ba a yi wa ƙarfe sallah, amma yana taya Malam Gali juyayi. Ba za a binne ta ba, tunda ba ta ɗaguwa kuma ba ta turuwa. Za a yi zaman makoki gobe bayan sallar asuba a inda ta cika. Ana roƙon duk mai zuwa ya taho da wuƙa, domin za a yanka abin da ya yi saura na tumatir a shanya a yi kauɗa. An duba an ga bayan marigayiya shimfiɗaɗɗe ne kuma yana ɗaukar zafin rana, don haka a kanta za a shanya.

Masu kaya kuma su zo, ko da ba ta'aziyya ce ta kawo su ba. Malam Gali yana nan kan tabarma a gefenta, zai saurari kowa.