Doka ta Bakwai da Hancin Veikko Salmela

Duk wanda bai san Veikko Salmela ba, to bai taɓa yin gumi na gaskiya a gaɓar Tafkin Superior ba. Shekara goma sha tara yana shugabantar Ƙungiyar Ɗakin Surace ta garin Pelkola, ɗakin katakon da kakanninsu 'yan Finland suka gina tun kafin su kafa coci. Bencin sama nasa ne, inda zafi ke taruwa. Ludayin watsa wa duwatsu ruwa nasa ne. In ya ɗaga ludayin nan, manyan mutane masu jikoki sai su sunkuyar da kai suna jiran hukunci. A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayansa kuwa Taswira, kuma ba a yi masa ƙage ba.

Allah ya yi wa bawan nan baiwar fuska. Daga gefen hanci zuwa kunci, siraran jijiyoyi ne jajaye da shuɗaye suka bazu kamar saƙar gizo-gizo. Wani in yana da su sai ya ɓoye. Veikko tallansu yake yi. Kowace Asabar, in ya fito daga surace ya faɗa cikin ruwan ƙanƙara ya dawo, sai ya tsaya a baranda da tawul a ƙugu, ya nuna hancinsa da yatsa.

"Ku duba da kyau, jama'a. Wannan ba a saye a kanti. Kowane layi da kuke gani, hunturu guda ne na juriya. Mutumin da fuskarsa take sumul, ku tambaye shi ina ya ɓuya lokacin da maza ke shan zafi."

Bai tsaya a baki ba. Shekara shida da suka wuce ya sa aka rubuta Doka ta Bakwai: ba wanda zai shugabanci ƙungiyar sai mai alamar zafi a fuska. Ya ce don kare al'adar kakanni ne. Kowa ya san don Aili Rautio ne. Aili tsohuwar direbar motar makaranta ce, ita ke faskara itace, ita ke hura murhun tun azahar, ita ke wanke bencin da Shugaba zai ɗora mazauninsa mai daraja. Tana sa malafa, tana shafa man kare rana, fuskarta tas. Da mutane suka fara raɗe-raɗin zaɓenta, sai ga doka ta sauko. Aili dai ta ci gaba da faskarenta.

To bana ɗakin ya cika shekara ɗari. Aka tsara biki a tsakiyar bazara, da zaɓen shugaba, da babban hoton Veikko da za a rataye a ɗakin sauya kaya. Mai hoto ya zo gwaji, ya ɗauka, ya buɗe masa a allo mai faɗi. Veikko ya saba ganin kansa ne a ɗan madubin ɗakin surace, wanda tururi ke lulluɓewa. Yau sai ga hancinsa ya kai girman kabewa, kowane layi ya fito raɗau, har da rassa da 'yan ƙananan rassa.

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji mai hoton. "Irin wannan fuskar nake nema."

Veikko ya gyara murya ya ce ai dama ya sani. Ya shiga mota ya zauna minti goma bai kunna ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron cewa shekara ɗari masu zuwa yara za su riƙa cire takalmi a ƙarƙashin wannan hancin.

Ranar Litinin ya gaya wa matarsa Lorraine zai je birnin Green Bay sayo haƙorin injin yankan itace. Tafiyar awa huɗu, alhali ana sayar da shi a bakin titinsu. Lorraine ta dube shi ta saman tabarau, ta zuba masa kofi a gora, ta ce ya gaishe da injin.

Yana isa sai ya zarce asibiti. Likitar fata, Dakta Beaudoin, ta haska fuskarsa da fitila. Veikko ya fara ba ta tarihin juriya, ta bar shi ya kai hunturu na uku.

"Ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe suka kasa komawa," ta ce. "Rana ce, da iska, da tsalle daga zafi zuwa sanyi. Akwai gado kuma. Mahaifiyarka tana da su?"

"Mahaifiyata ba ta taɓa hawa bencin sama ba."

"Amma tana da su?"

Ya tuna fuskarta. Tana da su, har sun fi nasa.

"Giya fa?"

"Kwalba ɗaya, bayan surace."

"Ɗaya," ta maimaita tana rubutawa, ba ta ɗago ba.

Ta ce hasken wata na'ura da ake kira leza zai rufe su. Akwai mai sauƙi, sai an zo sau uku ko huɗu. Akwai mai ƙarfi, ya fi saurin aiki, amma yana barin tabo kalar ruwan inabi na kwana goma. Ko wanne ya zaɓa, babu surace, babu zafi, babu rana, har sati biyu. Ta tambaye shi ko yana da wata hidima a kusa. Bikin saura kwana biyar. Veikko ya ce ba shi da komai, sannan ya ƙara da cewa ita dai ta ba shi mafi ƙarfin, domin kwana goman nan lissafin fatar mutanen birni ne.

Da aka fara, kowace walƙiya kamar an ja roba an sake masa a hanci. Mutumin da ke kiran masu saukowa daga benci ragwaye ya damƙe hannun kujera, hawaye na bin kunnensa. Ya ce fitilar ce ta yi haske da yawa.

A hanyar dawowa ya tsaya a kantin magani. Ya taɓa jin cewa koren man kwalliya yana kashe ja, sai ya sayi kwalba biyu, da hoda kalar fata, ya ce wa mai kanti na matarsa ne.

Lorraine na yanka burodi lokacin da ya shigo. Ta dubi ɗigo-ɗigon shunayya da suka cika masa hanci da kunci.

"Injin ne ya cije ka?"

"Ƙudan zuma ne."

"Masu tsari kuwa. A jere suka harbe ka." Ta ajiye wuƙar. "Veikko, kada ka shiga ɗakin nan ranar Asabar. Ka ba Aili ludayin, ka ce hawan jini ne. Ba wanda zai ga laifinka."

"Lorraine, shekara ɗari. Tarihi ba ya jiran mai hawan jini."

"To tarihi ya zo da tawul," ta ce, ta koma kan burodinta.

Ranar Asabar ya yi awa guda a gaban madubi. Kore shafi uku, hoda shafi biyu. Da ya ga fuskar ta yi sumul, Doka ta Bakwai ta faɗo masa a rai. Ya lallaɓa ya ɗauki jan fensirin leɓen Lorraine ya zana 'yan layuka a gefen hanci, daidai misali, irin waɗanda mutum zai so a rataye. Ya ja da baya ya duba, ya yaba wa kansa.

Bayan azahar aka taru, mutum ashirin da wani abu cikin kayan iyo, maza da mata, mai hoto na jira a baranda. Aili ta hura murhun tun safe, duwatsu sun yi jawur. Veikko ya hau bencin sama ya ɗaga ludayi.

"Kakanninmu sun zo ƙasar nan ba su da komai sai gatari da gaskiya," ya ce. "A ɗakin nan ba mai kuɗi, ba talaka, ba mai ɓoye-ɓoye. Zafi yana tone kowa."

Ya watsa ruwa. Tururi ya tashi ya bugi rufi ya sauko masa a ka. Don a san shekara ɗari ce, ya ƙara ludayi biyu.

Jajayen layukan ne suka fara tafiya. Suka gangaro suka haɗu a leɓensa na sama. Hodar ta bi bayansu. Sai kore ya ɓalle, yana tsiyaya ta cikin gemu, yana ɗiga a ƙirji, ɗis, ɗis. A ƙarƙashi tabon shunayya ya fito, ya kumbura, yana yi masa zugi kamar an goga barkono. Shi kuwa bai san abin da ake gani ba, yana can yana bayanin yadda kakansa ya sari itacen bangon nan.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Tsoho Reino, sakataren ƙungiya, ya leƙo daga bencin ƙasa.

"Shugaba, kana zuba."

Veikko ya shafa fuska ya dubi tafinsa. Aili ta miƙa masa tawul mai sanyi.

"Sauko, Veikko. Ƙanwata ma an yi mata aikin lezan nan a bara. Ba a shiga zafi da shi, zai ƙara kumbura."

A karon farko cikin shekara goma sha tara, Shugaba ya riga kowa fita. Mai hoto, da yake mutumin kirki ne, ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

Aka ɗage zaɓe da sati uku. Kafin nan tabon ya baje, kumburi ya sauka, Veikko ya shigo taro da fuska sumul irin ta ɗan yaye. Reino ya buɗe kundin ƙungiya, ya sa tabarau, ya karanta Doka ta Bakwai a hankali, har da waƙafi. Ya ɗago ya dubi hancin Shugaba, ya sake duba takardar.

Amma babban mutum ba ya rasa abin faɗa. Veikko ya miƙe.

"Jama'a, na daɗe ina nazarin wannan doka. Doka ce ta jahilci. Kimiyya ta tabbatar jijiyoyin nan rana ce da gado, ba su da alaƙa da jarumta. Wace irin ƙungiya ce za ta auna mutum da hancinsa? Ina kira a soke ta yau."

Aka tafa masa sosai, har ya ɗan sunkuya. Aka soke dokar ba hamayya. Reino ya ja mata layi, ya ce tunda haka ne yana gabatar da sunan Aili Rautio. Ta samu ƙuri'a ashirin da uku. Veikko ya samu biyu, kuma Lorraine ta rantse ɗayar ba tata ba ce.

Hoton gwajin nan na farko shi aka rataye, don shi kaɗai ake da shi. Yana nan a ɗakin sauya kaya, hanci ya cika firam, yara na cire takalmi a ƙasansa.

Yanzu Veikko ya canza ra'ayi kuma. Yana cewa an yi gaggawar soke dokar, ya kamata a dawo da ita. Kowace Asabar yana zama dab da murhu, ya kara fuska a tururi, ya ruga ya tsoma ta a tafki, ba malafa, ba man rana. In ya dawo gida sai ya tsaya a madubi da tocila yana neman ko layi ɗaya.

"Lorraine, zo ki duba nan gefen. Kamar ja-ja nake gani."

Lorraine ta sa tabarau, ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta duba dama da hagu.

"Babu komai, Veikko," ta ce. "Likitar nan ta iya aikinta."