Majigin da Aka Haska da Baya

Shekarar da tafkin Dajin Maraki ya koma kamar kwanon sha, jakuna suka fara bin layi tun asuba don su jiƙa leɓe. Damina ta koyi zuwa a makare, ta tafi da wuri. Daga kurmin da ya kewaye tafkin a da, saura tsamiyoyi kaɗan, su ma gatari ya yi musu alama. Za a sare su ranar kasuwa, a yi gawayi.

A kan ɗaya daga cikinsu Hawainiya take zaune, mai ɗaukar hoton majigi. Ba ta da surutu, in aka zuba mata ido ma sai ta koma launin reshe. Tun ranar da aka naɗa Zaki sarauta ta kafa na'urarta a wannan reshe, ba ta matsar da ita ba. Ta ɗauki naɗin, ta ɗauki duk abin da ya biyo baya.

An taɓa kawo majigin sauyin yanayi daga ƙasar waje, na wata farar dabba mai ƙiba tana kuka a kan ƙanƙara. Gwaggo Tabawa, tsohuwar jaka mai dakon gawayi, ta ce, "Wannan yawan ruwa ne ya sa ta kuka? Allah ya ba mu irin matsalarta!" Aka watse ana dariya. Shi ya sa Hawainiya ta haɗa nata, na gida, ko a gani a bar mata tsamiyarta.

Doka ce sai majalisa ta fara kallo. Da aka gama, Hajiya Kura, Ministar Gandun Daji, wadda buhunan gawayi suke kwana a gidanta, ta yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ta fi kowa son bishiya. Ni da kaina na dasa guda a gaban baƙi. Amma hoton nan babu waƙa, babu rawa, sai sara. A ƙone shi."

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Dila, Kakakin Fada, "hoton ba shi da laifi, hanyarsa ce ba daidai ba. A haska shi da baya. Bishiyoyi su tashi, ruwa ya dawo, talakawa su ga aiki da idonsu. Maroƙa su rufe sautin da kirari."

Zaki ya yi hamma. "Haka muka yi niyya tun farko. Ke 'yar nan, kina da magana?"

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen Sarki, ɗaya wajen Dila. Ta tuna abin da yake farkon hoton. Ta ce a hankali, "Duka za a haska, ranka ya daɗe? Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe! Kada ki yanke ko ƙiris."

Bayan la'asar aka taru a kogon dutse, inda duhu yake isa. Kamar kullum, talakawa a gaba kusa da bango, manya a bayansu kan dakali, don kada ƙura ta taɓa su.

Hoto ya fara. Busasshen tafki ya soma tsatsafo da ruwa. Hayaƙi ya sauko daga sama ya shige rami, gawayi ya fito ɗanyen itace. Ga jakuna suna fitowa daga gidan Hajiya da baya da baya, suna mayar da buhuna daji.

"La! Ga ni can!" Gwaggo Tabawa ta yi ihu. "Hajiya, ashe kina mayar da kaya?"

"Sadaka ce," in ji Kura, tana murmushin dole.

Bishiyoyi suka yi ta miƙewa daga ƙasa, kowane gatari ya shafa gindi sai rauni ya warke. Dila yana tafi, maroƙa suna zuba kirari. Jakuna kuwa dariyarsu ta fara raguwa, don sun ga inuwar da suka manta sun taɓa zama a ƙarƙashinta.

Tafki ya cika ya batse. Sai ga Zaki a kan dutsen sarauta, matashi, cikinsa a lafe. Ya ɗaga hannu ya cire rawani, ya miƙa wa dattawa. Ya sauko da baya, taku bayan taku, har ya shige ciyawa ya ɓace. Bango ya yi fari.

Maroƙa suka yanke kirari.

Gwaggo Tabawa ta ce, "To. Yau dai na ga hoton da ya faɗi maganin, ba ciwon kaɗai ba."

Ba ta waiwaya ba. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya da baya. Na kusa da ita ya yi, layin gaba ya yi, har kogon ya ɗauki sautin kofato yana matsowa wajen dakali.

"Kwaikwayon hoto suke yi, ranka ya daɗe," in ji Dila. "Alamar ya shige su ke nan."

Zaki ya dubi ƙafafun bayan jakuna da suke ƙara kusantowa. Ya kai hannu kansa, ya taɓa rawani.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, tsamiya tana nan tsaye. Hawainiya ta goge idon na'urarta, ta juya ta wajen dutsen sarauta, ta koma launin reshe.