Nomau da Famfon Kududdufin Gwaggo

A ƙauyenmu, bayan tsohuwar makarantar mishan da rufinta ya rufta tuntuni, akwai gidan Gwaggo Saratu. Su biyu ne a gidan, ita da ɗan ƙaninta Nomau, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, mai ƙarfi da ladabi, wanda duk abin da aka faɗa masa yakan yi shi daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. A lambun gidan akwai ƙaramin kududdufi da marigayi mijinta ya haƙa ya zuba karfasa. Da ya rasu ruwan ya fara yin kore, kifin suna mutuwa ɗaya-ɗaya. 'Yarta Rifkatu, mai aikin jinya a Kaduna, ta ce, "Mama, za a sa famfon sola ya riƙa juya ruwan. Amma in kifin suka ƙare, ki tattara ki dawo wurina." Gwaggo ba ta son barin gidan. Kifi sha tara suka rage. Da ni aka ƙirga.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Nomau, je ka gari ka zaɓo famfon, Rifkatu ta yi magana da mai shagon. Ka nuna masa zurfin ruwan." Nomau ya shiga kududdufin da rigarsa, ya fito, ya hau mota. Fasinjoji suka yi ta toshe hanci. Da ya isa ya tsaya gaban mai shago, ya dafa ƙirji inda koren ruwan ya tsaya, ya ce, "Alhaji, ga zurfin." Mai shago ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗauko tef na awo ya auna shi daga ƙirji zuwa ƙasa, ya ba shi famfon da ya dace.

Wata rana, bayan an haɗa komai, Nomau ya tuna mai shago ya ce faifan sola, mai ba famfon wuta, ya riƙa kallon rana kullum. Sai ya ɗora shi a ka, yana juyawa a hankali tun hantsi. Rana ta karkata bayan rumbu, ya bi ta, waya ta tsinke. Maƙwabcinsu Jatau, wanda shi ma ya sa irin famfon a nasa kududdufin, ya leƙo ta katanga ya ce, "Kai Nomau, in ta faɗi har can za ka bi ta?" Nomau ya ce, "In Gwaggo ta yarda."

Wata rana, bayan an kafa faifan a kan rumfa, Gwaggo ta ga kashin tantabara a kansa. Ta ce, "Kada ka sake barin komai ya faɗa masa." Ta tafi biki kwana biyu. Nomau ya rufe faifan da tabarma, ya danne da duwatsu huɗu. Famfo ya tsaya. Da ta dawo ta tarar da kifi biyar sun juya ciki sama. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ruwan har la'asar, sannan ta shiga ɗaki ta sauko da akwatinta, ta fara zuba kaya a ciki. Nomau ya binne kifin a gindin lemo, yana ba kowanne haƙuri.

Wata rana, ana gab da damina, ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, sha huɗu suka rage. Ka riƙe mini famfon nan kamar jariri." Nomau ya ciro famfon daga ruwa, ya wanke shi, ya kwantar da shi cikin kwando, ya lulluɓe da tsohon gidan sauro. Da yake ba a kwantar da jariri a ƙasa, sai ya nutsar da tsohon turmi a kife cikin kududdufin, ya ɗaure kwandon a kai. Jatau ya kira mutane su zo kallo. "Yaushe ne suna?" in ji shi. Nomau ya ce, "Ba a sa rana ba tukuna."

Ruwan farko ya sauko ranar wata Alhamis, ya kwaso laka da ganye ya zuba a kowane kududdufi. Famfon Jatau, da ke kwance a ƙasan ruwa, ya sha laka ya ƙone. Na Nomau yana bisa turmi, gidan sauro ya tare masa datti, ya ci gaba da feso ruwa.

Bayan sati uku Gwaggo ta aiko a kira ni in zo da tabarau. Muka durƙusa a bakin ruwa, mu tsofaffi biyu. 'Ya'yan kifi ne, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suna zagaya kwandon. Ba don gidan sauron ba, da famfon ya zuƙe su. Na fara ƙirga, na kai sittin, na bari.

Gwaggo ta ce, "Nomau, je ka mayar da akwatin nan inda yake."

Ya ce, "Da kayan ko ba kayan?"

Ta ce, "Ba kayan, ɗan nan. Ba kayan."