Ranar da Na Kayar da Ansifekta

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da ansifekta ya zo duba ni a Illela. Lokacin ina sabon malamin fizik a wani kwaleji, kuma abin da zai rubuta a kaina shi zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni.

Darasin ranar daidaiton ƙarfi ne. Maimakon in tsaya ga allo kamar kowa, sai na ce bari in burge (wannan ciwon burgewa shi ne zai kashe ni). Na aro turmi, na kwantar da shi a tsakar lakwal, wato filin makaranta, na tokare shi da duwatsu, na gitta dogon katako a kai. Nufina in nuna wa yara cewa marar nauyi zai iya riƙe mai nauyi, in dai ya fi shi nisa da turmin.

Na nemi wanda zai hau. Kafin wani ɗalibi ya ɗaga hannu, ansifekta ya miƙe. Mutum ne ƙato, ya sha shadda mai sitati.

"Ni zan hau, mushe. Ina zan tsaya?" (Mushe ake ce wa malami a wajenmu.)

Darakta, shugaban kwalejin, ya zaro mini ido ta bayansa, amma wa zai ce wa baƙo a'a? Na tsayar da shi dab da turmi, ni kuma da jikina kamar karan dawa na taka can ƙarshe. Katako ya yi ƙara, ya lanƙwasa. Na matsa baya kaɗan, gumi na bin bayana, ina salati a zuci. Sai ga mu duka biyu a sama, ba mai rinjayar wani!

Yara suka kaure da tafi. Ansifekta har da murmushi. Daɗi ya ɗebe ni.

"Kun gani?" na ce. "Bari in zana muku a allo."

Na sauke ƙafa.

Wallahi sai da na ji katako ya ɗaga ni ta tsakanin ƙafafu na tuna da wanda na bari. Na kife a gaban yara. Shi kuwa ya sulale ta baya ya zauna daɓas, ƙafafu a sama, hularsa na gangarawa wajen tutar lakwal.



Ya tashi da ƙyar, ya kakkaɓe riga, ya dube ni.

"Mushe, wannan na biyun ma yana cikin darasi?"

"E, ranka ya daɗe," na ce. "Rashin daidaito ke nan."

Ya tabbatar da ni, amma sai da ya sa na sake darasin, darakta na riƙe da rigata.

Tun ranar na gane cewa in mutum ya dogara da nauyinka, ka yi masa sallama kafin ka sauka, musamman in shi ke riƙe da abincinka.